Ranar da Sarkin Aska Ya Ƙi Kafa Ƙaho

Alhaji ya daɗe yana jan tirela tsakanin Kano da Legas kafin ƙafarsa ta hagu ta ba shi matsala. Ya dawo daga wata tafiya da cunkoso ya zaunar da shi a mota kwana da yini, sai sha-raɓarsa ta kumbura, ta ɗauki zafi, takawa ta gagara. A asibiti aka yi hoton ƙafar, aka ga jini ya daskare a jijiyar ciki. Likita ba ta ɓoye masa ba: idan gudan jinin ya ɓalle, huhu zai nufa, kuma a can yana iya kashe mutum farat ɗaya.

Aka fara masa allurar heparin a fatar ciki, tare da ƙwayar warfarin, wadda mutane ke kira maganin tsinka jini, domin ita ƙwayar sai ta yi kwanaki kafin ta kama aiki. Aka ce zai sha ta aƙalla wata uku, kullum a lokaci ɗaya. Aka ba shi kati da ake rubuta sakamakon gwajin INR, wato awon yadda jini ke jinkirin daskarewa. Na mai lafiya yana wajen 1, shi kuwa ana son nasa tsakanin 2 da 3. Ya yi ƙasa, gudan jini na iya dawowa. Ya yi sama, jini ya ƙi tsayawa.

A tasha abokansa suka sa shi gaba, wai maganin ɓera yake sha. Ba su yi ƙarya ba. An gano asalinsa ne daga ruɓaɓɓiyar ciyawar da ta riƙa sa shanu zubar jini a Amurka da Kanada a shekarun 1920, aka fara sayar da shi don kashe ɓeraye a 1948, sannan a 1954 aka amince a ba mutane. Awo ne ya raba gubar da maganin, kuma a nan Alhaji bai yi wasa ba. Da ya idar da sallar isha'i uwargida ke miƙo masa ƙwayarsa, gwaji kuma bai taɓa wuce shi ba. Kumburi ya saɓe, ya koma bakin aiki.

Sai ciwon haƙori ya kama shi a hanya. A wani zango ya shiga kemis yana dafe da kunci, yaron shagon ya ƙulla masa haɗi a leda: Flagyl da diclofenac, safe, rana, dare. Yaron bai tambaya ba, Alhaji bai faɗa ba. Ni dai ban ɗora wa yaron laifin shi kaɗai ba. Alhaji ya ɗauka haƙori daban, ƙafa daban, alhali duk jini ɗaya suke sha. Flagyl na hana hanta sarrafa warfarin, sai ya taru a jiki ya fi ƙarfin da aka auna. Diclofenac kuma, da ’yan’uwansa ibuprofen da asfirin, suna ƙwarzanar bangon ciki, suna ƙara hana jini kamawa.

Kwana biyar bayan nan, ranar Juma'a da hantsi, yana zaune a kan tabarma a zaure, Sarkin Aska na yi masa aski. Tun suna samari shi ke aske shi.

"In ka gama ka kafa mini ƙaho a baya," in ji Alhaji. "Jikina ya yi nauyi, mataccen jini ne."

"An gama, Alhaji."

Aska ta ɗan taɓa wani ƙurji a bayan kunne, irin yankan da ba ya kai a ce sannu. Wanzamin ya danna da yatsa ya ci gaba. Da ya waiwayo, jini ya gangaro har wuyan riga. Ya sa auduga ya danne, ya ƙirga abin da ya saba ƙirgawa, ya ɗaga. Jinin ya sake tsattsafowa, siriri, bai da niyyar tsayawa. Ya ajiye askar a kan zabira.

"Alhaji, ɗaga rigarka in gani."

A gadon baya da haƙarƙari ga baƙaƙen tabo na kwanciyar jini, manya-manya.

"Faɗuwa ka yi?"

"Ko tuntuɓe ban yi ba."

"To, ni yau ba zan tsaga ka ba. Na gaji aska, na ga jini iri-iri, wannan ba na ƙaho ba ne. Tashi mu tafi asibiti."

Alhaji ya fara faɗa, wai ana jiran sa a masallaci. Uwargida da ke jin su daga soro ta leƙo. "Alhaji, ka gaya masa gaskiya mana. Kwana biyu ke nan in ka yi asuwaki sai jini." Sai ya yi shiru, domin akwai abin da ita ma ba ta sani ba: tun jiya bayan gidansa baƙi ƙirin yake fita kamar kwalta.

Aka tafi da rabin kai a aske. INR ɗinsa ya haura 8, kuma baƙin bayan gidan nan jini ne ke zuba a ciki. Aka dakatar da warfarin, aka ba shi bitamin K mai karya ƙarfin maganin, aka kwantar da shi. Da an kafa masa ƙaho shida a zauren nan, Allah kaɗai ya san inda za a tsaya.

Da ya samu sauƙi likita ta zauna a gefen gadonsa da ledar haɗin a hannunta.

"Baba, ba ka yi sakaci da maganinka ba, na ga katinka. Shirun da ka yi ne ya kawo ka nan. Mai kemis, mai cire haƙori, wanzami, mai maganin gargajiya, duk wanda zai ba ka abin sha ko ya taɓa ka da ƙarfe, ka fara nuna masa katin nan. In ciwo ya dame ka, farasitamol kaɗan, in ya wuce kwana biyu ka zo. Haɓo da ya wuce minti goma, jini a fitsari, ciwon kai mai tsanani, ko ka bugu a ka, kada ka jira gari ya waye. In ka manta ƙwayar jiya, kada ka sha biyu yau."

Uwargida ta ce, "Likita, ni har na hana shi zogale da alayyafo, an ce ba sa shiri da maganin."

"Ki mayar masa da abinsa, Hajiya. Ganye na da bitamin K, gaskiya ne, amma ba haramta shi aka yi ba. Abin da ba a so shi ne wannan mako kwaɗon zogale kullum, mako mai zuwa ko ɗanɗane. Ya ci yadda ya saba, mu za mu auna maganin a kan haka. In azumi ya matso ma ku zo mu duba, tunda cima na canjawa."

Aka mayar da shi kan maganin da sabon awo, aka kuma haɗa shi da likitan haƙori, wanda bai taɓa shi ba sai da ya ga sakamakon gwajin. Uwargida ta kai katin aka yi masa kwafi, ɗaya a aljihunsa, ɗaya a cikin takardun mota, aka kuma gaya wa yaron motarsa inda yake.