Baiwa da Ƙa'ida a Hannun Makaɗin Tsirkiya

A ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, kamar sauran kudancin Katsina, an daɗe ana ɗaukar kiɗa a matsayin gado ko baiwar da Allah yake ba wanda ya so, shi ya sa tambayar ko karatun ƙa'idojin kiɗa yana ƙara wa makaɗi basira ko yana dusashe ta ba ta yi ƙarfi ba sai da jita da fiyano suka shiga hannun matasa, tare da darussan da ake kallo a waya. Abin da ake nufi da ƙa'idojin kiɗa shi ne bayanin yadda amo yake hawa da sauka, da tazarar da ke tsakanin amo da amo, da yadda ake raba lokaci tsakanin bugu da bugu. Masu ƙyamar wannan karatu sukan kafa hujja da Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa wanda ya daɗe da zama a Funtuwa kuma ya rasu a 1999, domin bai koyi kiɗa a aji ba, amma ya shahara da tsara waƙa nan take a gaban jama'a.

Hujjar tana da rauni, domin ta ɗauka cewa wanda bai karanta ƙa'ida ba ba ya bin ƙa'ida. Hausa harshe ne mai karin sauti, wato kowace gaɓa tana da hawa ko sauka ko faɗuwa, kuma canza wannan yakan canza ma'anar kalma, don haka mawaƙin da ya ɗora kalma a kan amon da ya saɓa wa karinta yakan jawo wa kansa dariya. Kalangun da ke bayan Shata yana iya furta kirari ne saboda makaɗin yana matse tsirkiyoyinsa yana sakinsu daidai da wannan hawa da saukar. Mai garaya da ke kaɗa wa mafarauta take, da Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, duk suna cikin wannan doka mai tsanani, sai dai sun karɓe ta ta kunne, a shekarun da yaro yake yi yana bin ubangida yana amshi kafin a bar shi ya riƙe kayan kiɗa.

Malaman Musulunci sun riga sun tattauna irin wannan mas'ala a fagen harshe da waƙa. Halilu ɗan Ahmad, malamin Basra na ƙarni na takwas, shi ya fitar da ilimin aruli, wato ma'aunin baitocin Larabci, bayan mawaƙan jahiliyya sun shafe zamani mai tsawo suna waƙa a kan waɗannan ma'aunai ba tare da sun san sunayensu ba, wanda ke nuna cewa daga aiki aka tsamo ƙa'idar. Ibn Haldun, a Muƙaddimar da ya rubuta a 1377, ya bambanta sanin dokokin nahawu da abin da ya kira malaka, wato ƙwarewar da ta zauna a jiki saboda yawan maimaitawa, ya kuma ba da misalin wanda zai iya bayanin yadda ake ɗinki dalla-dalla amma idan aka miƙa masa allura ya kasa. Duk da haka aruli bai kashe waƙa ba. Marubutan Hausa tun daga zamanin jihadi har zuwa su Aƙilu Aliyu sun ɗauki waɗannan ma'aunai sun gina waƙoƙin da ake rerawa har gobe, kuma Farabi, wanda ya rasu a 950, ya rubuta babban littafi a kan lissafin amo alhali ana ba da labarin cewa shi kansa gwanin kiɗa ne. Saɓanin malamai kan halaccin kayan kiɗa magana ce daban, wadda ba ta shafi wannan tambaya ba.

Inda haɗarin yake shi ne a nau'in ƙa'idar da matashi yake samu. An gitta wa wuyan jita ƙarafa waɗanda suka raba tazarar da ke tsakanin amo da takwaransa na sama gida goma sha biyu daidai wa daida, kuma darussan da suka zo da ita an gina su ne a kan kiɗan Turai, wanda ginshiƙinsa shi ne haɗa amo uku ko fiye a buga su lokaci guda, sannan a sauya zuwa wani haɗin. Garaya da gurmi ba su da irin waɗannan ƙarafa, yatsa yana tsayawa ne inda kunne ya yarda, kuma akasarin kiɗan Hausa yana yawo ne a kan amo biyar, yana samun armashinsa daga maimaita zango ɗaya da sauya shi kaɗan-kaɗan. Wanda ya haddace tsarin Turai kafin kunnensa ya ƙoshi da kiɗan gida yana iya jin amon garaya da ya faɗa tsakanin ƙarfe biyu a matsayin kuskure, ya gyara shi, alhali a nan daɗin yake. Matsalar tsaro da ta addabi ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ta ƙara tsananta lamarin, tunda ta rage tarukan dare da tafiye-tafiyen biki, waɗanda a cikinsu ne yaro yake jin manya.

Makaɗan jita da suka yi fice a Afirka ta Yamma sun bi tsarin da Ibn Haldun zai amince da shi. Ali Farka Toure na ƙasar Mali, wanda ya rasu a 2006, ya fara ne da kayan kiɗan gargajiya mai tsirkiya ɗaya kafin ya kwashe salonsa ya ɗora a kan jita, haka kuma Bombino na Agadas ya sa jita ta bi kiɗan Abzinawa. Ga wanda malakarsa ta riga ta kafu, karatun ƙa'ida yana ba shi sunayen abin da yatsunsa suka saba yi, ya iya gaya wa mai fiyano a sutudiyo inda zai tsaya, ya kuma gane cewa hanyar da hannunsa yake bi kullum ɗaya ce daga cikin hanyoyi da dama, domin sabo ma yana ɗaure makaɗi kamar yadda littafi yake ɗaure shi. Aikin da ya fi dacewa manazarta su sa a gaba shi ne wanda Halilu ya yi wa waƙar Larabawa, wato a saurari masu garaya da gurmi da kukuma da suka rage, a fitar da ƙa'idar daga abin da suke kaɗawa.