Gyangyaɗi A Kan Sitiyari Da Haƙƙin Wanda Aka Raunata

Da wuya mako ya wuce ba a ji labarin motar da ta saki hanya da tsakar dare ko da jijjifi ba, ko dai tsakanin Kaduna da Zariya, ko a hanyar Kano zuwa Maiduguri. Sau da yawa ba taya ce ta fashe ba, ba kuma birki ne ya tsinke ba. Barci ne ya sace direba. Bayan an yi jana'iza, an kwantar da masu rauni a asibiti, sai dattawan tasha su je jaje, su ce ƙaddara ce, a yi haƙuri. In kuwa wanda ya karye ya buɗe baki ya ambaci diyya, sai a shiga yi masa kallon mai raunin imani. Shin haka abin yake a Shari'a?

Masu kare direba suna da hujjar da ba ta rainawa ba ce. Ya tabbata a hadisi cewa an ɗauke alƙalami daga mai barci har ya farka, barci kuwa ɓarawo ne. Amma malaman fiƙihu sun raba tsakanin zunubi da lamuni. Misalin da suka saba kawowa shi ne na uwar da ta juya cikin barci ta danne jaririnta ya mutu. Ba wanda ya ce ta yi niyya, duk da haka sun hukunta shi kisan kuskure, da diyya da kaffara, kamar yadda aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta shimfiɗa. In an lamuntar da uwa a kan shimfiɗarta, ina ga wanda ya ɗauko 'ya'yan mutane goma sha takwas da kuɗin motarsu a aljihunsa? Risalar Ibn Abi Zaid, wadda almajirai ke karantawa a zaurukan ƙasar nan, ta ɗora wa mahayin dabba da mai janta da mai korarta lamunin abin da ta taka. A shekarar 1993 kuma Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Burunai, ta mayar da haɗarin mota ƙarƙashin hukunce-hukuncen laifin jini, ba ta sauke wa direba nauyi ba sai a irin abin da ya fi ƙarfinsa, wanda ba shi da ikon kauce masa.

To, gyangyaɗi ba ya cikin wannan, domin ba ya shigowa sai da sallama. Hamma takan fara, ido ya yi nauyi, direba ya tauna goro, ya sauke gilashi, ya yayyafa ruwa a fuska. Duk wanda ya yi waɗannan dabaru ya riga ya sani. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci mai gyangyaɗi a cikin salla da ya je ya kwanta har barcin ya sake shi, don kada ya nufi istigfari ya ɓuge da zagin kansa. Salla ke nan, wadda ba ta kashe kowa. Mota kuwa in tana gudun kilomita 100 a awa, takan ci kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Rufe ido na daƙiƙa huɗu ya isa ta shafe fiye da tsawon filin ƙwallo ba mai tuƙi. Wani bincike da aka buga a 1997 daga Ostireliya ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 ido biyu, hankalinsa kan dushe kamar na wanda ya ɗan sha giya. Direban da zai yi faɗa in an ce masa mashayi, ga shi ya hau titi da irin halin mashayi. Mai motar da ya matsa masa ya yi sawu biyu ba hutu, shi ma yana da nasa kason a wurin Allah.

Saboda haka neman diyya ba jayayya da ƙaddara ba ce. Wanda Ya ƙaddara haɗarin Shi ne Ya shar'anta diyyar. A mazhabar Malik diyyar rai raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa. Hannu ɗaya rabin wannan ne, haka ido ɗaya. Yatsa raƙuma 10, haƙori 5. Ba a bar direba shi kaɗai da wannan kaya ba, domin abin da ya kai sulusi danginsa na wajen uba, watau aƙila, su ke haɗawa, cikakkiyar diyya kuma cikin shekara uku ake biya. Yau da zumunci ya yi sanyi, ƙungiyar direbobi da kamfanin da ya mallaki motar da tsarin takaful su ne suka fi kusa da tsayawa a wannan gurbi. Kaffarar azumin wata biyu a jere kuwa, in an rasa rai, ba mai ɗauke masa.

Yafewa alheri ne babba, ayar ma da sunan sadaka ta ambace ta. Amma sadaka sai da mallaka da yardar rai. Wanda aka taru a kansa yana kwance da ƙafa a filasta, aka kunyata shi har ya ce ya yafe, alhali bashin asibiti na jiransa, ƙwace aka yi masa da lallami. Mafi muni shi ne baffan da zai miƙe a zaman makoki ya ce sun yafe, ga marayu ƙanana a cikin gida. Diyya gado ce, ana raba ta yadda ake raba gado, kuma waliyyi ba shi da ikon yin kyauta da rabon yaro.

Shi ma mai neman haƙƙi akwai iyakarsa. Bai halatta ya ƙara wa takardun asibiti sifiri ba, ko ya ƙirƙiro ciwon da babu, ko a tara matasa a ƙone mota a doki direba. Rahoton 'yan sanda ko na jami'an kiyaye haɗurra, da shaidar likita, da rasit ɗin magani, da fasinjojin da suka ga direban yana gyangyaɗi tun daga Kwanar Dangora, su ne abin da zai riƙa ya je gaban alƙali.