Shin Jini Hukunci Ne?

A tashar motar Jibiya, inda ake lodin fasinjojin Ɗan Isa da Maraɗi, akwai wani dattijo da ke yini yana zance da waɗanda ba ma gani. Bara aka fasa auren 'yar ƙanensa. Dangin saurayin sun ƙetaro iyaka ta Magama, suka yi binciken asali kamar yadda al'ada ta tanada, suka koma da magana guda: akwai hauka a gidan. Shin adalci ne a hukunta yarinya da ciwon da ba ta yi ba?

Tsoronsu yana da tushe. Taɓin hankalin da likitoci ke kira sikizofiriniya yana bin dangi. A ƙwaƙwalwa akwai sinadarin serotonin mai kai saƙo tsakanin jijiyoyi, akwai kuma ƙofofin da ke karɓarsa. A 1996 masu bincike a Turai suka ruwaito cewa wani bambanci a ƙwayar gado ta HTR2A, mai gina ɗaya daga cikin ƙofofin, ya ɗan fi yawa ga masu ciwon. Sai dai binciken da ya biyo baya bai tsaya kan magana ɗaya ba. A 2014 aka gano wurare 108 a cikin ƙwayoyin gado masu alaƙa da ciwon, a 2022 suka kai 287, kowanne tasirinsa ƙanƙani. Ko tagwaye 'yan ƙwai ɗaya, idan Hassan ya kamu, kusan rabin lokaci Husaini kan tsira.

Nan ya bambanta da sikila. Gwajin jini kafin aure yana faɗa wa AS da AS cewa kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu. Babu irin wannan gwaji ga taɓin hankali, kuma sama da 90 cikin 100 na masu baffa mai ciwon ba sa kamuwa. Wanda ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ya tuna albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Iyaye suna da haƙƙin tambaya, kuma wajibi ne a gaya musu gaskiya. Amma idan sakamakon gaskiya shi ne fasa aure, gidaje za su koyi ɓoyewa. Za a kulle mara lafiya a ƙuryar ɗaki, a ƙi kai shi asibitin Kware ko na Kaduna, don kada maganar ta fita 'yan mata su rasa miji. Ta haka hukuncin da aka yanke wa mai lafiya yake hana mara lafiya magani, kuma alhakinsa yana wuyanmu, mu masu binciken asali.