Gori: Kayan da Muke Ƙara wa Mai Goyo

A Agye, Gazawa da Gidan Rumji na jihar Maraɗi, macen da ke riƙon ƴaƴa ita kaɗai ba baƙuwa ba ce. Akwai wadda ta fita takaba, akwai wadda aka miƙa wa takardar saki, akwai wadda mijinta ya tafi biɗa Libiya ko Legas ba aike ba labari, akwai kuma yarinyar da aka yaudara aka bari da ciki. Tun 2019 aka samu ƙarin wasu: matan Zamfara, Sakkwato da Katsina da ƴan bindiga suka raba da mazansu, suka tsallako da goyo zuwa ƙasar Gidan Rumji, aka tsugunar da wasunsu a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori. Kowacce da hanyar da ta biyo, amma abin da suke sha a bakin mutane ɗaya ne: gori.

Mai gori ba ya ɗaga murya. A bakin rijiya ko wajen suna ake jefa shi cikin habaici: "Ai ta kasa zaman aure." "Farar ƙafa gare ta, maza biyu ta binne." Yara na faɗa kan ƙwallo, sai ɗaya ya ce wa ɗaya agola, ko ɗan gaba da Fatiha, kuma a gida ya jiyo. Shi kuwa wanda ya yi sakin, ko ya yi cikin ya musanta, yana majalisa ana zuba masa shayi, ana tsokanarsa yaushe za a sha biki. Laifi tudu ne.

Kafin mu buɗe baki, mu tambayi kanmu wa ya kai ta nan. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kusan tara cikin goma na ƴan matan jihar Maraɗi ana aurar da su kafin shekara 18. Yarinyar da aka ɗaura wa aure tana 14, ba karatu ba sana'a, in auren ya mutu tana 17 da ɗa a baya, mu ne muka shirya mata wannan rana. Ga ƙarancin gona: jama'a ta yawaita a kudancin Maraɗi har gamana, ƴar gonar da mace ke nomawa, ta fara gagara, kuma ranar saki gamanar gidan miji take zama. A gidan uba ma, sau da yawa ƴan'uwa maza sukan danne mata gado, wai gonar ba za ta rabu ba.

Mai gori yakan ɗauka addini yake karewa, alhali addinin bai ba shi wannan aiki ba. Suratul Hujurat ta hana izgili, jifa da mummunan laƙabi da cin naman mutum. Suratun Nur ta yanka bulala 80 ga wanda ya yi wa kamammiyar mace ƙazafi bai kawo shaidu huɗu ba. In ban da Nana A'isha, duk matan Annabi (SAW) sun taɓa aure kafin shi, kuma Ummu Salama da marayunta ta shiga gidansa. A mazhabar Malikiyya da muke bi, uwa ce ta fi cancantar renon ɗa, ciyarwa da tufatarwa kuwa wuyan uba suke. Wannan hukunci ne da ba mu cika ji a wa'azin kasuwa ba. Shi kuma jaririn da aka haifa ba aure, bai aikata komai ba, kuma ba a kama wani da zunubin wani.

Ɓarnar gori ba ta tsaya ga ɓacin rai ba. Tsoronsa ke sa yarinya ɓoye ciki, ta ƙi zuwa awo, ta haihu a ɓoye cikin hatsari. Shi ke sa bazawara, idda na cika, ta faɗa auren duk wanda ya zo, don dai a daina nuna ta, bayan shekara a sake dawo da ita. Shi ke fitar da yaro daga makaranta, ya gwammace talla da dariyar ƴan aji.

Mata sun riga mu gano magani. A jihar nan aka fara asusun Mata Masu Dubara a 1991 tare da ƙungiyar CARE: zubi kowane mako, rance daga akwati, jarin ƙuli-ƙuli, man gyaɗa ko sarin aya. Tsarin ya bazu ƙasashe da dama. A wajen zubi ba a tambayar mace ina mijinki, cika alkawarinta ake dubawa.

Saura mu. Liman ya yi huɗuba kan uban da ya ƙi ciyarwa. Mai gari, in an kawo ƙarar saki, ya yanka abin da za a riƙa bai wa yara, ya kuma bi sawu. Ɗan'uwa namiji ya fitar wa ƙanwarsa rabonta na gona. A yi wa kowane yaro takardar haihuwa. Wanda kuma ba shi da tiyar hatsi da zai aika gidan mai goyo, yana da sadakar da ba ta cin ko dala: ya kama bakinsa, ya kuma hana ƴaƴansa.