Shirun Mai Sayarwa, Ƙarya Ne Ko Ba Ƙarya Ba Ne?



Maganar da zan kawo muku a wannan fitowa ta taso ne daga wata takarda da wani ɗanmu ya aiko mini daga Dubai. Ya roƙe ni in sa ta gaban jama'a, amma kada in kama sunansa, na kuwa yarda. Ku karanta da natsuwa, domin abin da ya same shi yana iya samun kowane ɗayanmu, ko da kuwa akuya ce ya kai kasuwa.

Shi wannan yaro direba ne a gidan wani attajiri a unguwar Al Nahda. Ita wannan unguwa tana bakin iyakar Dubai da Sharja, har sunan ya haye iyaka, akwai Al Nahda ta Dubai, akwai ta Sharja. Unguwa ce ta dogayen benaye, galibin mazaunanta baƙi ne 'yan neman arziki, motoci kuwa da yawa ƙarƙashin benayen a ke ajiye su, a ɗakunan da aka haƙa cikin ƙasa. Maigidan nasa yana da wata mota ta ƙawa mai ƙofa biyu, gajera ƙwarai, irin wadda aka ƙera don gudu da nuna hali. Ba a cika fita da ita ba sai ran hutu, saboda haka agogonta mai ƙirga tafiya bai kai kilomita 15,000 ba.

To, ran Talata 16 ga Afrilu 2024 aka yi ruwan sama a ƙasar wanda ba a taɓa ganin irinsa ba tun da aka fara rubuta awon ruwa a 1949. A Khatm Al Shakla, wajen Al Ain, abin da ya zuba cikin ƙasa da sa'a 24 ya wuce milimita 250, watau fiye da abin da ƙasar kan samu cikin shekara guda cur. Hanyoyi suka zama koguna, filin jirgin sama na Dubai ya cika da ruwa. Ruwa ya gangara ɗakin da motar nan ta ke, ta kwana biyu a ciki, har ya taɓa kujeru. Daga baya aka jawo ta gareji, aka busar da ita, aka sake shimfiɗun ƙasa da mai, ta tashi sumul kamar ba abin da ya same ta.

Yanzu maigida yana so ya rabu da ita. Bai yarda a kai ta kasuwar motoci ta Al Awir ba, don ya san dillalan can za su ɗaga shimfiɗa su sunsuna, su karya kuɗin. Ya ce wa yaron ya sa talla a waya, ya sayar hannu da hannu, ya yi masa alkawarin la'ada mai kauri, wadda za ta isa ya rufa wa tsohuwarsa ɗaki a gida. Sa'an nan ya ja kunnensa, ya ce, "Ban ce ka yi ƙarya ba. Abin da aka tambaye ka ka faɗi, abin da ba a tambaye ka ba ka kama bakinka."

Ga tambayar yaron. In ya rubuta cewa mota ce mai ƙarancin tafiya, hannu ɗaya ya riƙe ta, duk gaskiya ne. In ya yi shiru game da ruwan, ya yi ƙarya ko bai yi ba?

Kada mu yi gaggawar la'antar maigidan, domin yana da hujja, kuma tsohuwar hujja ce. Wani mai hikima na Rum, Sisero, ya rubuta littafi a kan wajiban mutum shekara 44 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kawo gardamar malamai biyu na Girka a kan mai sayar da gida mai aibi. Ɗayansu, Diyojin mutumin Babila, yana ganin yin shiru dabam ne da ɓoyewa, mai saye yana da ido, ba wanda ya tilasta masa. Almajirinsa Antifata ya ƙi, yana ganin barin mutum ya faɗa rami kana kallo zalunci ne. Sisero ya goyi bayan almajirin. Hujjar Diyojin ita ce dai maigidan Al Nahda ya riƙe, ko da bai taɓa jin sunansa ba.

Har wa yau yana iya ƙarawa da cewa ai hukuma ta tsare mai saye. Gaskiya ne, a Dubai ba a juya sunan mota sai an bi ta hannun hukumar hanyoyi da sufuri, RTA, wadda aka kafa a 2005. Sai an kai tsohuwar mota wurin gwaji, kamar na Tasjeel da ke Al Qusais nan kusa da Al Nahda, sai an biya tarar da ke kanta, in da bashin banki an warware shi, mai saye ya yanki inshora, tukuna a ba shi katin mallaka da su ke kira Mulkiya. To, amma me masu gwajin su ke dubawa? Suna duba birki da fitilu da tayoyi da hayaƙi da lafiyar ƙashin mota, watau ko ta isa hawa hanya yau. Ɓarnar ruwa kuwa ba ta yau ba ce. Motar zamani cike ta ke da wayoyin lantarki da ƙananan na'urori, waɗansu ƙarƙashin kujeru su ke. Ruwa mai datti in ya shiga mahaɗinsu, tsatsa kan ci su sannu a hankali, sai bayan watanni abu ya fara ƙi. Yau taga ce, gobe yana iya zama na'urar birki ko jakar iskar da ke tare mutum ran haɗari, ga shi kuwa mota ce ta gudu. Ashe abin da a ke ɓoyewa ya wuce kuɗi, ya kai ga rai.

Mu koma ga abin da muka karanta a zaure. Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai tsibin abinci a kasuwa, ya sa hannu ciki, yatsunsa suka taɓo danshi. Mai abincin ya ba da hanzari cewa ruwan sama ne ya buge shi. Aka tuhume shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani ba, aka kuma kira abin da ya yi algus. Ku duba fa, jama'a. Mutumin nan ba shi ya jiƙa abincin ba, ruwan Allah ne, kamar dai na Al Nahda. Ba a kuma ce ya furta ƙarya da bakinsa ba. Laifinsa shi ne ya shirya kayan yadda idon mai saye zai gaya masa abin da ba haka ba ne.

Haka nan maganar tunkiya ko raƙumar da a ke ƙin tatsa kwanaki kafin kasuwa don hantsarta ta cika. Nonon da ke ciki nono ne na gaske, ba wanda ya zuba ruwa. Duk da haka shari'a ta hana, ta ba mai saye iko ya mayar da dabbar tare da sa'i ɗaya na dabino a maimakon abin da ya tatsa. Agogon motar nan shi ne cikakkiyar hantsa. Lambar da ke kansa gaskiya ce, amma mai saye ba lamba ya ke biya ba. Yana biyan abin da lambar ta ke nufi a ransa, watau mota ce wadda ba ta sha wuya ba. Wanda ya nuna lambar alhali ya san abin da ta ke nufi ba haka ya ke ba, ya yi ƙarya da gaskiya. Shi ya sa Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda yaranmu ke karantawa, ta hana mai sayarwa ɓoye duk abin da mai saye zai ƙi in ya ji shi, ko wanda faɗinsa zai rage kuɗi.

Wani zai ce, to, ashe sai ɗan kasuwa ya kwance duk cikinsa? A'a. Akwai asirin mai kaya, akwai aibin kaya. Nawa maigida ya saya, don me ya ke sayarwa, nawa ne ƙarshen abin da zai sallama, duk wannan nasa ne, yana iya riƙewa, ya kuma yi ciniki da ƙarfinsa. Amma abin da ke jikin motar, wanda zai bi ta gidan wani, wannan hakkin wanda zai karɓe ta ne. Ma'aunin mai sauƙi ne. In kana tsoron mai saye ya sani don kada ya fasa ko ya rage, to, wannan abin shi ne ya wajaba ka faɗa.

Saura hanzarin yaron, cewa shi ɗan aike ne. Ban raina tsoronsa ba, domin a can izinin zaman ma'aikaci yana rataye ne da aikinsa, ga kuma tsohuwa tana jira. Amma mai saye fuskarsa zai gani, muryarsa zai amince wa, la'adar kuma aljihunsa za ta shiga. Wanda ya ci rabo cikin riba ba ya tsame hannunsa daga alhaki.

Dattawanmu sun san wani abu kuma. Kakanninmu da suka yi fataucin goro daga Salaga zuwa Kano, da masu gidajen baƙi na Kumasi da Sabo ta Ibadan da suka riƙa sayar da shanun mutane bashi ba takarda, jarinsu suna ne. Dillali guda in ya cusa goro mai sankara tsakiyar huhu, duk Zongo a ke zargi. Wani masanin tattalin arziki na Amurka, George Akerlof, ya nuna a 1970, da misalin tsofaffin motoci, cewa in masu saye ba sa iya rarrabe mai kyau da mai aibi, sai su rage wa kowa kuɗi, har masu kayan kirki su janye daga kasuwa. An ba shi lambar Nobel a 2001. Watau mai shirun nan ba mutum ɗaya ya cuta ba, har da kowane mai gaskiya da zai zo sayarwa bayansa, da kowane ɗan Zongo da zai je neman aikin amana a garin.

Ga abin da na rubuta masa. Ya koma wurin maigida da ladabi, ya ce, "Ranka ya daɗe, bari mu rubuta cewa ruwan 2024 ya taɓa ta, mu nuna takardun gyara, mu bar mai saye ya kai ta wurin makaniken da ya ga dama. Kuɗin zai ragu, amma ba mai dawo mana da ƙara." Akwai masu sayen irin wannan mota da saninsu, a kan kuɗin da ya dace da ita. In maigida ya ƙi, to, ya roƙi a ɗauke masa wannan aike, ya ci gaba da tuƙinsa, ya haƙura da la'adar. Ban yi masa alkawarin cewa gaskiya za ta biya shi nan da nan ba, don ba kullum ta kan yi haka ba, watakila ɗakin tsohuwa ya ƙara shan damina ɗaya. Sai dai na tabbata ita kanta in aka tambaye ta, ba za ta so a rufa mata ɗaki da kuɗin da wani uba zai yi kuka a kansa ba.

Ina roƙon malamanmu su duba maganar nan a taro mai zuwa, inda na kuskure su gyara mini. Su kuwa samari, kowa ya tuna abin da ya taɓa sayarwa, waya ce ko babur ko keken ɗinki, ya tambayi kansa abin da ya yi shiru a kai. Allah Ya ba mu halal mai albarka, Ya tsare 'ya'yanmu da ke ƙasashen mutane.