Hidimar Tare Wutar Daji a Ƙasar Dakoro

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, da zarar damina ta ɗauke a ƙasar Dakoro ta jihar Maraɗi, ciyawar da Allah Ya shimfiɗa daga kwarin Tarka zuwa Barmo da Gadabeji sai ta bushe ƙayau. Ita ce rumbun makiyayi. Da ita Bafulatani da Buzu za su riƙe dabbobinsu har ruwan baɗi. Amma garwashin shayi guda da matafiyi ya bari bai binne ba, ko guntun taba, in iskar hunturu ta same shi, ya isa ya cinye abincin garke dubu cikin dare ɗaya.

Saboda haka jama'ar rugage da ƙauyuka suke fita tun daga watan Oktoba, da manjagara da hauya, tare da ma'aikatan gandun daji, suna share dogayen hanyoyi masu faɗi cikin daji, har ƙasa ta fito fili. Wuta in ta iso nan ba ta samun abin ci, sai ta tsaya, ko ta yi rauni har a kashe ta da ɗanyen reshe. Ciyawar da aka kwashe kuma ana tara ta don bazara.

Wani ɗan'uwa yakan ce wannan aikin hukuma ne, shi nasa tasbaha. Wannan kuskure ne. Abu Musal Ash'ari ya ruwaito cewa wani gida ya ƙone da mutanensa da dare a Madina, sai Manzon Allah (SAW) ya kira wuta abokiyar gaba, ya yi umarni a kashe ta kafin barci. Abu Dawuda kuma ya kawo hadisin da ya sa Musulmi tarayya cikin ruwa da ciyawa da wuta. Abin da aka yi tarayya a cin moriyarsa, an yi tarayya a tsaronsa.

Shehunai ba su raba zikiri da hidima ba. Muridin da ya share kamu ɗari da niyyar kare dabbar da ba tasa ba, bakinsa na salati, bai bar wuridinsa ba. Ya kamata muƙaddamai su riƙa sanar da ranar gayya bayan wazifa, a fita da sassafe kafin iska ta taso, a kuma sa wa matasan da ke dafa shayi a daji ido, su zuba rairayi kan murhu kafin su tashi.