Wa Ke Gode wa Fitilar Mamel?

A yammacin birnin Dakar, cikin unguwar Wakam, akwai tuddai biyu da ke kallon teku. Faransawa sun laƙaba musu suna Mamelles, wato nonuwa, saboda siffarsu. A kan ɗaya aka kafa ƙaton gunkin nan na tagulla da aka ƙaddamar a 2010, wanda ya sha suka saboda kuɗin da ya ci. A kan ɗayan kuwa akwai wani farin gini mai hasumiya, tsawonta mita 16 kacal, tana tsaye tun 1864. Da rana ta faɗi sai fitilar da ke cikinta ta soma juyawa, tana wulga farin haske sau ɗaya cikin kowace daƙiƙa 5, kuma saboda tsayin tudun, jirgin ruwan da ke nesa da gaɓa da fiye da kilomita 50 yana iya hango ta. Aikinta shi ne ta gaya wa matuƙi cewa ga hancin ƙasar Afirka nan, ga duwatsun Almadi a ƙarƙashin ruwa, ya yi nesa da su.

Bahaushe ya ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Wannan fitila tana sa mutum ya sake auna karin maganar. Shekara 160 da ɗoriya ke nan tana zuba alherinta a kan ruwa, ba ta san wanda ya amfana ba, wanda ya amfana kuma bai taɓa hawa tudun don ya ce madalla ba. To, ina danƙon ya manne?

Sai a fara da yadda take aiki, don akwai darasi a ciki. Ƙwan fitilar kansa ba wani abin mamaki ba ne. Sirrin yana ga gilashin da ke kewaye da shi, wanda aka yanka zobe-zobe bisa dabarar wani injiniya Bafaranshe mai suna Augustin Fresnel. Shi ya fara ɗora irin wannan gilashi a hasumiyar Cordouan ta Faransa a 1823, ya rasu a 1827 yana da shekara 39. Hasken da zai watse sama da ƙasa a banza, gilashin ke tattara shi ya harba shi waje guda kamar mashi. Duk nauyin gilashin yana shawagi ne a kan zaiba, shi ya sa yake juyawa ba tare da gargada ba. Kowace hasumiya kuma tana da nata salon ƙifta ido, ta yadda matuƙi, da agogo a hannu, zai iya bambanta ta da wata. Fitilar ba ta tambayar sunan jirgi, amma tana faɗin nata sunan ga kowa.

Wannan rashin tambaya ya daɗe yana damun masana tattalin arziki. A 1848 Bature John Stuart Mill ya kafa hujja da hasumiyar teku don nuna cewa akwai ayyukan da sai hukuma ce za ta ɗauki nauyinsu, tun da ba yadda za a yi a bi jirgi cikin dare a karɓi kuɗin hasken da ya gani. A 1974 Ronald Coase ya amsa masa cewa a Ingila an daɗe ana karɓar kuɗin fitila a tashoshin jirage. Gaskiya ne, amma manyan jirage ne ke biya. Ƙaramin kwalekwalen masunci yana shan hasken kyauta, kuma babu dabarar da za a yi a rufe masa ido.

Nan ne maganar ta soma yin nauyi, domin ba don masunci aka gina ta ba. Faransa ta kafa tutarta a Dakar a 1857. Lokacin da aka kunna fitilar, Faidherbe ne gwamnan Senegal, kuma abin da ke gaban ƴan mulkin mallaka shi ne gyaɗa ta isa Bordeaux da Marseille lafiya, soja da bindiga su iso lafiya. Daga 1902 Dakar ta zama cibiyar mulkin Faransa a Afirka ta Yamma, kuma daga can ne umarni ke zuwa har Damagaram da Yamai. Daga tashar Dakar aka kwashi dubban samari zuwa yaƙin 1914 da na 1939. Dukan jiragen nan wannan haske ya raka su. Lebu, masuntan Wakam da Ngor da Yof, ba su jira shi ba: sun san tekunsu da taurari da siffar tuddai tun kafin a aza tubalin farko.

Mai karatu zai tuna da dokar nan ta 23 ga Fabrairu 2005, wadda a cikinta majalisar Faransa ta so a riƙa koya wa ɗalibai cewa mulkin mallaka ya taka rawa mai kyau. An soke wannan sashe a 2006 bayan an kai ruwa rana, amma hujjar ba ta mutu ba. Kullum ita ce dai: ga hanyoyi, ga asibitoci, ga hasumiya, ku gode. Ni a ganina hujjar tana haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne, wato amfanin abu da ladan wanda ya yi shi. Mai kanti da ya rataya fitila a ƙofarsa don masu saye su gan shi, idan mai wucewa ya ga rami da haskenta ya kauce, lalle mai wucewa ya amfana. Amma mai kanti ba shi da bakin da zai bi shi bashin godiya, balle idan a filin gidan mai wucewar ya gina kantin da ƙarfi. Tun muna yara aka koya mana cewa niyya ce ma'aunin aiki ga mai aikin. Amfani kuwa ba ya jiran niyya, yana bin hanyarsa kamar ruwan sama. Saboda haka masuncin da ya dawo gida da hasken Mamel ba ya ɗauke da bashin Faidherbe, kuma ba dole ne ya tsani fitilar don ya nuna ya san tarihi ba.

Idan akwai wanda ya cancanci godiya, to masu gadin fitilar ne. A zamanin da take cin mai, kafin lantarki, sai da wani ya hau matakala kowane maraice, ya zuba mai, ya gyara lagwani, ya goge hayaƙi daga gilashi, ya kwana ido biyu don kada ta mutu. Albashi yake karɓa, ba shakka. Amma albashi ba ya bayyana dalilin da zai sa mutum ya tashi ƙarfe uku na dare cikin iska, alhali ba mai ganinsa, kuma ba zai taɓa sanin ko tashin nasa ya ceci wani ba.

Wannan rashin sani shi ne abin da na fi tsayawa a kai bayan na tsallaka zuwa tsibirin Gore, tafiyar kamar minti 20 a jirgi. Yawancin baƙi gidan bayi suke nufa, kuma da dalili. Amma a tsibirin ne cibiyar bincike ta IFAN ta buɗe gidan tarihin teku, cikin wani tsohon ginin kamfanin fatauci na ƙarni na 18. (A wannan tsibiri ne kuma makarantar William Ponty take lokacin da Bubu Hama ya fito daga cikinta a 1929.) Kifaye cikin kwalabe, katantanwa iri-iri, kayan su. Abin da ya haɗa su duka shi ne an fid da su daga ruwa, sun daina aiki. Gidan tarihi ba ya iya nuna kifi mai iyo, kuma ba ya iya nuna jirgin da ya wuce lafiya.

A duba labarin Méduse, wanda muke karantar da ɗalibai a ajin Faransanci. A watan Yuli 1816 wannan jirgi, a kan hanyarsa ta zuwa Saint-Louis, ya kafe a rairayin Arguin da ke gaɓar Muritaniya saboda sakacin kyaftin ɗinsa. Aka ɗora mutum 147 a kan katakan da aka ɗaure, aka sake su cikin teku. Bayan kwana 13 an samu 15 da rai. Géricault ya zana su, zanen yana rataye a Louvre, duniya ta san shi. Amma Méduse ba ita kaɗai ta taso ba. Cikin ayarin akwai wani jirgi, Écho, wanda ya bi ta ruwa mai zurfi ya isa Saint-Louis ba tare da wata matsala ba. Ba wanda ya zana Écho. Matuƙin da ya yi aikinsa daidai bai bar wa mai zane komai ba.

Mu da ba mu da teku mun san wannan. Itaciyar Tenere ta yi shekaru tana nuna wa ayarin gishiri hanya tsakanin Agadas da Bilma, madugai suna hana a sare ko reshenta. Sai da wata mota ta kayar da ita a 1973 sannan ta samu rumfa a gidan tarihi na Yamai. Haka kuma tun da aka soma allurar rigakafin sanƙarau nau'in A a 2010, wannan nau'i ya kusan ɓacewa daga ƙasarmu. Yaran da cutar ba ta kashe ba yanzu sun zama samari da ƴan mata, ba su san an cece su ba, kuma ma'aikaciyar da ta bi ƙauyuka da akwatin sanyi a bayan babur ba za ta iya nuna ko ɗaya ta ce wannan nawa ne ba. Hatsarin irin wannan aiki shi ne, idan ya yi kyau sosai, sai masu kasafin kuɗi su ga kamar ba a buƙatarsa.

Duk da haka kada a yabi fitila fiye da ƙima. Tana gargaɗi, amma ba ta sauka cikin ruwa. Daren 26 ga Satumba 2002 jirgin Joola, wanda ya taso daga Ziguinchor zuwa Dakar ɗauke da ninkin ba ninkin abin da aka ƙera shi ya ɗauka, ya kife a gaɓar Gambiya. Ƙidayar hukuma ta ce mutum 1,863 suka mutu, 64 suka tsira. Fitilun gaɓa suna ci a wannan dare kamar kowane dare. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. Waɗanda suka fara tsamo mutane masunta ne cikin kwalekwale, tun kafin agajin hukuma ya iso. Akwai wani irin mutumin kirki da ke son zama kamar hasumiya: yana sama, yana da tsabta, ya faɗi gaskiya, ya ce ai na gaya muku. Mu malaman makaranta da marubuta mun fi kowa saurin faɗawa cikin wannan hali. Masuncin da ya juya kwalekwalensa ya bar kamun dare, shi ba gargaɗi ya yi ba, jiƙewa ya yi.

Akwai kuma waɗanda gargaɗin bai shafe su ba, don sun riga sun ji shi. A 2006 mutum fiye da 31,000 suka isa tsibiran Kanari na Sifaniya cikin kwalekwale daga gaɓar Afirka ta Yamma. A 2024 sun haura 46,000. Daga Senegal tafiyar ta kai kilomita 1,500, mako guda ko fiye a kan ruwa. Wanda ya taso daga Mbur ko daga Gambiya dole ne ya zagaye wannan hancin ƙasa, cikin dare, ba tare da kunna ko cocila ba don gudun jiragen sintiri. An gina hasumiyar ne bisa tunanin cewa duk wanda ke cikin teku yana neman tudu, ko yana tsoron dutse. Waɗannan samari tudun suke gudu. Haka mutanen nan 92, akasarinsu mata da yara daga yankin Kance, waɗanda ƙishirwa ta kashe arewa da Arlit a watan Oktoba 2013, sun kauce wa hanyar da kowa ya sani ne don kada a mai da su gida.